A ware wa masu fasahar zamani fili a Yamai

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku don in kai kira ga hukumomin da ke kula da al'adu a ƙasarmu, su ware fili a Yamai inda masu sassaƙa da ƙira za su tsayar da ayyukansu a sarari.

Gidan tarihi na ƙasa da ke nan Yamai, wanda aka buɗe a 1959 kuma yake ɗauke da sunan Boubou Hama, abin alfahari ne gare mu. Yara na rububin ganin zakuna da manyan ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe, manya kuma na tsayawa wajen maƙeran azurfa da dukawa. Ni dai na fi daɗewa a gaban itacen Tenere, wanda a dā yake tsaye shi kaɗai a tsakiyar hamada, har mota ta banke shi a 1973 aka kawo gangar jikinsa nan. Can cikin hamada, a gurbinsa, itacen ƙarfe aka kafa, kuma matafiya na tsayawa su dube shi. Ke nan ƙarfen da aka sarrafa aka tsayar a sarari ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Maƙwabtanmu na Burkina Faso sun yi nisa. A Laongo, kusa da Ziniare, wani mai sassaƙa, Siriki Ky, ya fara tara masu sassaƙa a 1989, suna aiki a kan duwatsun wurin, aikin kuma ya zauna inda aka yi shi, rana da ruwan sama na dukansa. Mu ma hannu bai yi mana ƙaranci ba. A leƙa kasuwar Katako a ga yadda ake buɗe tsohuwar ganga a daddake ta ta koma akwati, ko a narkar da gwangwani a zuba tukunya. Yaron da ya iya wannan, in ya sami fili da kayan walda, zai ƙera abin da za a zo kallo daga nesa.

Na san wasu za su ce gumaka ne, kuma damuwarsu abin saurare ce. Amma ba dole sai siffar mutum ko dabba ba. Ga dagi, ga zanen bangon gidajen Birnin Damagaram, ga haruffan ajami da na Tifinag, duk za su yi kyau a ƙarfe ko a dutse.

Roƙona a ware wani fili mai inuwa, ko a bakin kogi ne, a sa kujeru, a rubuta sunan kowane mai aiki da bayanin aikinsa da Hausa da Zabarmanci, 'yan lakwal kuma su shiga kyauta.

Naku,
Wani mai karatu daga Yamai