Ga wanda ya tambaye ni amfanin adana tsohuwar matoya

Assalamu alaikum, Malam.

A bainar jama'a ka yi mini tambayar, shi ya sa na ga ya dace amsar ma ta fito fili. Cewa ka yi, tunda farantan tangaran da kofunan da aka toya suna nan jere a gidajen tarihi, me zai sa a ci gaba da zuba kuɗi wajen gyaran tsofaffin ɗakunan toya tukwane da suka daina aiki, alhali ko a zamaninsu ma hayaƙinsu cutar da mutane ya yi? A ganinka gara a rushe su, a yi gidajen zama a filin.

Batun cuta kam ba zan musa maka ba. Birnin Stoke-on-Trent na Ingila, wanda aka haɗa daga garuruwa 6 a 1910, ya taɓa ɗaukar irin waɗannan gine-gine wajen 2,000, kowanne yana cin kwal yana aman baƙin hayaƙi. Ƙurar dutsen da ake niƙawa cikin yumɓu ta cinye huhun magina, dalmar da ke cikin ruwan ƙyallin da ake tsoma kwanuka a ciki kuma ta illata mata da yara masu aikin. Bayan hazon hayaƙin da ya kashe dubban mutane a Landan a Disambar 1952, aka yi dokar tsabtace iska ta 1956, masana'antu suka koma gas da lantarki, aka shiga rusau. Yau waɗanda suka rage a birnin ba su kai 50 ba. Ka ga abin da kake nema an riga an yi mafi yawansa, 'yan ragowar muke gardama a kansu.

Inda muka rabu da kai shi ne wajen faranti. Farantin da ke bayan gilashi sunan mai masana'anta ne a bayansa, Wedgwood ko Spode ko Minton. Ba ya gaya maka kome game da wanda ya ɗauke shi a ka. Matoyar ce kaɗai take da wannan labarin, kuma sai ka shiga cikinta za ka ji shi.

Gini biyu ne, ɗaya cikin ɗaya. Na waje, mai siffar kwalba, aikinsa jan hayaƙi sama da kare wuta daga iska. Na ciki shi ne ainihin matoyar, da bakunan wuta kewaye da gindinsa, an ɗaure shi da ɗamarar ƙarfe saboda bulo yana buɗewa idan ya sha zafi, ya tsuke idan ya huce. Ba a sa kwanuka tsirara cikin wuta. Ana jera su ne cikin akwatunan yumɓu masu kauri don kada harshen wuta da toka su taɓa su, ma'aikaci ya ɗora akwatin a ka, ya hau tsani, ya jibga ɗaya kan ɗaya har kusa da rufi. Sai a toshe ƙofa da bulo a yaɓe ta, a hura wuta. Mai kula da wutar yakan yi kwana biyu ko uku kusan ba barci, zafi ya haura digiri 1,000, kuma aikin masana'anta na makonni yana rataye a idonsa da ƙwarewarsa. In ya kuskure, duk abin da ke ciki ya tashi a banza. Wajen kwashewa kuma, don kada a yi asarar lokaci, akan tura mutane ciki tun bai gama hucewa ba, da jiƙaƙƙun tsummoki a ka da hannu.

Duk wannan na rubuta shi, ka karanta, amma karatu daban, tsayawa a ƙofar nan daban. Wanda ya je masana'antar Gladstone da ke Longton, ɗaya daga cikin garuruwan nan 6 na Stoke, wadda aka ceto daga rusau aka mai da ita gidan tarihi a shekarun 1970, ya ga ƙanƙantar ƙofar da tsawon tsanin, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Kuma ni da za a ji ta tawa, kada a goge kunkunniyar da ke jikin bango. Ita ce shaidar abin da kai kanka ka kafa hujja da shi. In an rushe, cutar da ka ambata ma an binne ta tare da ginin, a bar mu da kyakkyawan kofi da sunan attajiri.

Sai dai akwai wani gefen da ka fi ni gaskiya, ko da ba ka faɗa ba. Matoyar da ta daina ganin wuta lalacewa take yi: danshi ya shiga bulo, ciyayi su yi saiwa a tsakanin jeri, ɗamarar ƙarfe ta yi tsatsa. Kuɗin gyara ba ya ƙarewa. Ilimin ma mutuwa yake yi. A 1978 aka yi toyi na ƙarshe da kwal a Longton, an shirya shi ne musamman don a ɗauki hoto a rubuta yadda ake yi tun tsofaffin ma'aikatan suna da rai. A Bizen ta Japan kuwa har yau ana hura matoya da itacen pine fiye da mako guda, don haka can sana'ar ce ke riƙe da ginin. A Stoke ginin ne ya rage shi kaɗai.

Saboda haka ban ce kowace matoya sai an mai da ita gidan tarihi ba. Wasu a gyara su, a yi gidajen da kake so a kewaye da su, an ma yi hakan a wurare. Amma wadda ta tsira tare da ɗakunan aikinta da tsakar gidanta, irin ta Gladstone ko ta Middleport da ke bakin haƙaƙƙiyar hanyar jiragen ruwa ta Trent da Mersey, wannan a bar ta yadda take. In Allah ya kai ka, ka shiga ta ciki, ka ɗaga kai ka dubi inda akwati na ƙarshe yake zama, sannan mu sake maganar rusau.

Na gode da tambayar. Ka huta lafiya.