Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Kwamishinan Muhalli Kan Zaizayar Gaɓar Rafuka

Mai girma Kwamishina,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne kan gaɓar rafukan da ke zaftarewa duk damina, gonaki da hanyoyi suna bin ruwa.

Ranka ya daɗe, in aka tashi maganin wannan matsala, kankare ake fara tunawa da shi. Yana da wurinsa, kamar gindin gada ko inda gidaje suka matse rafi. Amma bangon siminti sumul yake, ruwa na ƙara gudu a jikinsa, sai ya je ya huce a kan gonar da ke gaba. Ranar da ya tsage kuma, sai sabuwar kwangila. Tsiro kuwa kullum ƙara kama ƙasa yake yi. Saiwa na ɗaure ƙasa, ganye da kara suna rage ƙarfin ruwa har lakar da ya ɗauko ta kwanta, gaɓar ta riƙa cikowa.

A duba ciyawar jema. Irin da aka samo daga kudancin Indiya na iya tura saiwa mita 3 zuwa 4 cikin ƙasa a shekarar farko, kuma ba ya yaɗuwa ta ƙwaya, don haka ba zai mamaye gonar kowa ba. Tun shekarun 1980 Bankin Duniya ya yayata ta a Indiya, Sarkin Tailan Bhumibol kuma ya rungume ta a 1991. Ana dasa ta a jere, taƙi ɗaya tsakanin gindi da gindi, ta haɗe ta zama shinge. Daga sama sai gora da itatuwan da suka saba da bakin ruwa.

Sai dai dashe kawai ba ya isa, kuma nan ne nake roƙon a tsaya a yi nazari. Ruwa daga ƙasa yake cin gaɓa, musamman a gefen waje na inda rafi ya lanƙwasa, ya rarake gindin har saman ya rufto. Gaɓar da ta miƙe tsaye sai an kwantar da ita, an jera duwatsu a gindinta, sannan a dasa. A yi dashen da wuri, saiwa ta kama kafin rafi ya cika.

Abin da ya fi damuna shi ne bayan dashe. Sau da yawa ana shukawa a watse, dabbobi su tattake, rani ya ƙarasa sauran. Ina roƙon a ware kuɗin kulawa na shekara biyu a cikin kasafin aikin tun farko: ban ruwa, shinge, da maye gurbin abin da ya mutu. A keɓe wa makiyaya mashaya mai tsakuwa, domin hana su ruwa ba adalci ba ne. A tsawata wa masu ɗibar yashi daga gindin gaɓa. Aikin reno kuma a ba manoman da gonakinsu ke bakin rafin, a biya su bisa yawan tsiron da ya rayu.

Allah ya yi maka jagora.

Wassalam,
Wani mai kishin muhalli