Rahoton ayyukan ƙungiyar masu binciken noma da ke neman guraben aiki bayan digirin dakta, na shekarar 2024

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na san rahoton nan ya makara, amma ni kaɗai nake rubuta shi, ni ne kuma mai bin bashin kuɗin wata, don haka a yi mini uzuri.

Tarukan wata-wata an yi su a nan Marwa, a arewacin Kamaru, ban da na Agusta da ruwa ya hana.

Abin da zuciyata ta yi fari da shi a bana shi ne horon kwana uku na watan Disamba a kan hotunan tauraron ɗan'adam. Ɗaya daga cikin malamanmu ya samo mana aron ɗaki, kowa ya zo da kwamfutarsa, muka saka manhajar taswira ta QGIS tunda kyauta ce. Ranar farko wuta ta ɗauke mana har sau biyu, aka koma kan janareta da man da muka yi karo-karo muka saya. Aka nuna wa mahalarta yadda ake sauke hotunan Sentinel-2, waɗanda ke nuna ƙasa a ma'aunin mita 10 kuma suke sake bi ta wuri ɗaya bayan kwana 5, sannan aka koya musu lissafin NDVI, wanda ke auna yawan ɗanyen ganye. Da gangan muka zaɓi Disamba. A lokacin dawar damina ta shiga rumbu, ciyawa ta bushe, masakwa, dawar rani, ce kawai ke tsaye kore shar a kan karal, wato ƙasar laka, tana shan damshin da laka ta riƙe. A fuskar kwamfuta gonakinta suka fito fili, ko wanda bai taɓa aikin taswira ba ya gane su.

Rana ta uku muka fita wajen Salak, kusa da Marwa, da wayoyinmu muna ɗaukar lambobin wuri. A nan wani dattijo mai gona ya karɓi waya, ya ƙura wa hoton ido, ya ɗora yatsa a kan wani tabo mai haske, ya ce, "Ɗana, nan ai harde ne, ko a zamanin mahaifina bai taɓa ba da zangarniya ba." Muka taka har wurin, ƙasa ta ƙeƙashe kamar daɓen siminti, irinta ake kira harde. Wata 'yar'uwarmu da ta kammala digirin dakta a kan ƙasar noma ta ce mini shekara huɗu tana haƙa rami tana ɗibar samfuri, sai ranar ta ga yadda za ta faɗaɗa aikinta ya game yankin Diyamare, inda Marwa take, baki ɗaya. Yanzu haka tana rubuta takardar neman fosdok, wato gurbin bincike na bayan digirin dakta, a kan wannan.

Kuma dalilin kafa ƙungiyar ke nan. Ɗaukar masu dakta 2,000 aiki a jami'o'i da gwamnatin Kamaru ta fara a 2019 bai ɗebe kowa ba, guraben IRAD, cibiyar binciken noma ta ƙasa, da na jami'o'in Marwa, Garwa da Ngawundare ba kullum ake buɗe su ba. Cibiyoyin binciken noma masu aiki a ƙasashe da dama irin su IITA da ICRISAT da CIRAD kuwa suna neman wanda ya san gona kuma ya iya sarrafa bayanan taswira. Gonar mun san ta tun muna yara, ɓangare na biyun ne ke kayar da mu. Lokaci kuma ba ya jira: tallafin Georg Forster na gidauniyar Humboldt ta Jamus, a matakin fosdok, yana so ne kada a wuce shekara 4 da kammala dakta, kuma sai ka samo malamin da zai karɓe ka a can.

Sai abin da bai yiwu ba. Mun yi alkawarin taswirar gonakin shinkafar da ambaliyar bana ta cinye a Yagwa da kewayen Maga. Ba a gama ba, kuma ina jin ana cewa kwamiti ya yi sakaci. Wallahi ba haka ba ne. Gajimare ya rufe hotunan Agusta da Satumba, muka koma kan Sentinel-1 mai amfani da rada da ke ratsa gajimare, wanda mutum biyu ne kacal a cikinmu suka iya shi, ɗayan ma ya yi tafiya. Ko an zana taswirar sai an je an tabbatar da ido, kuɗin mota kuwa babu a asusu. Waɗanda suka biya kuɗin wata cikakke ba su kai rabi ba, alhali jaka biyu ce kawai. Ta dalilin haka ma aka jingine sayen na'urar GPS.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne zaman duba takardun neman tallafi. Manyanmu da suka riga suka samu kujera sun ce za su riƙa karanta wa ƙanne rubutunsu. Na tura takardu a WhatsApp, an buɗe, an yi shiru. Malamai, da girmanku nake magana, wanda ya haye bai kamata ya janye kwalekwale ba. Wasu kuma sai an ce akwai takardar shaidar halarta ake ganin fuskarsu.

A taro mai zuwa za mu zaɓi wanda zai karɓe ni a aikin tara kuɗi, mu kuma tsayar da ranar tafiya Yagwa kafin zafi ya shigo. Mai bashin watanni ya taho da shi, littafin yana hannuna.

Magatakardan ƙungiya