Kimiyyar siyasa ba makarantar 'yan jagaliya ba ce

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana kan kallon da ake yi wa masu karatun kimiyyar siyasa.

Ranar da na samu gurbin wannan karatu a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, kawuna ya dube ni ya ce, "Wato koyon ƙarya da rabon atamfa za ki tafi?" Kowa ya yi dariya, ni kuwa maganar tana cina har yau da nake aji uku.

A Samaru ba yaƙin neman zaɓe ake koya mana ba. Muna bin tsarin mulkin Nijeriya tun daga na Gwamna Richards na zamanin Turawa na 1946 zuwa na 1999, da abin da ya haifi jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, da gyaran ƙananan hukumomi na 1976. Wata rana a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim na buɗe Jadawali na Huɗu na kundin 1999, na gani da idona cewa kwashe shara, gyaran magudanan ruwa da kula da kasuwanni hakkin ƙaramar hukuma ne. Da na je hutu na karanta wa matan layinmu, muka rubuta takarda kan kwatar da ke cika mana zaure duk damina, muka miƙa wa kansila hannu da hannu.

Roƙona ga iyaye, musamman masu 'ya'ya mata, idan yarinya ta zaɓi wannan fanni a fom ɗin JAMB, a zauna a ji dalilinta kafin a sa ta canza.

Wassalam,
Wata ɗaliba daga Samaru, Zariya