Rahoton ayyukan shekara: awon ciki a kan lokaci a unguwanninmu na Tawa

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu ƴan ƙungiya. Ga rahoton da biro, wato kwamitin shugabannin ƙungiya, ya saba gabatarwa a ƙarshen shekara. Lissafin kuɗi dalla-dalla yana hannun ma'ajiya, za ta karanta shi ranar taro. Ni nawa shi ne in faɗi abin da muka yi da inda muka yi tuntuɓe.

A taron bara mun tsaya a kan magana ɗaya, wato awon farko. Matanmu suna zuwa awo, wannan babu musu. Wadda ta leƙa CSI, wato cibiyar lafiya, ranar awo za ta tarar da benci cike, wasu ma a ƙasa bisa tabarma. Amma ki dubi cikkunan: mafi yawa sun kai wata shida ko bakwai, sai da zane ya kasa rufewa sannan aka zo. Alhali tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau 8, na farko cikin makonni 12 na farko, a maimakon sau 4 da aka sani a da. A nan Nijar kuma tun 2006 gwamnati ta mayar da awon ciki kyauta. To me ke riƙe mata a gida? Amsar wannan tambaya muka kwashe shekara muna bi gida-gida.

Abin da jinkirin ke cinyewa ba kaɗan ba ne. Ƙwayar ƙarin jini kullum ake son a sha ta, tun ciki yana ƙarami. Fansidar na rigakafin masassarar cizon sauro ana fara shi ne daga mako na 13, a bar aƙalla wata ɗaya tsakanin sha da sha, a samu sau 3 ko fiye kafin haihuwa. Wadda ta fara awo a wata na takwas yaushe za ta cika? Haka allurar tetanos, haka sange mai magani. Uwa uba awon hawan jini, wanda shi ke nuna wadda jijjiga ke yi wa barazana tun ƙafa ba ta gama kumbura ba.

Babban abin da muka tarar, wanda ni kaina ban ba shi nauyinsa ba a da, shi ne tafiya bida. Mu Adarawa mun san kanmu: da an gama girbi, an ɗaure damman hatsi an zuba a rumbu, maza sai su kama hanyar Abijan, ko Libiya, ko Aljeriya, ko Najeriya. Sau da yawa maigida zai tafi bai ma san an samu rabo ba. Matar kuma ba ta fita zuwa likita ba da izininsa ba, kunya kuma ta hana ta faɗa masa a waya. Sai ta zauna. Wata ƙanwarmu a wata unguwa ta bayan gari, cikinta na biyu, sai da ƴan ziyararmu suka lura tana haki in ta jawo guga, suka duba cikin idonta fari fat. Da aka tambaye ta, ta ce maigidan nata yana Abijan tun bayan kaka, kuma bai bar sallahu ba. A nan tsakar gida aka ari wayar maƙwabciya aka aika masa da murya ta WhatsApp. Kafin la'asar ya amsa, har da faɗan me ya sa ba a gaya masa tun da wuri ba. Kashegari aka kai ta, aka tarar jininta ya yi ƙasa sosai. Ta sauka lafiya a watan da ya wuce.

Daga wannan ne muka ɗauki dabarar da muke ganin ita ce aikinmu mafi amfani a bana: neman izini tun kafin tafiya. A lokacin kaka muka roƙi limamai da masu unguwa su tuna wa maza cewa duk mai shirin tafiya ya faɗa a gaban mahaifiyarsa da matarsa cewa in ciki ya samu, ya yarda a je awo ba sai an jira shi ba. Wasu limaman sun yi maganar bayan sallar Juma'a, wasu sun ce za su duba, har yau suna dubawa. Mun kuma koyi darasi daga tsarin makarantar mazaje da UNFPA, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan al'umma, ta fara a jihar Damagaram, inda maza ke zama su tattauna lafiyar iyali a tsakaninsu. Namu dai ƙarami ne, a majalisar shayi bayan isha'i, kuma mazajen wasu daga cikinmu ne ke jan zancen, don maganar da namiji zai ji daga bakin abokinsa ba zai saurare ta daga bakinmu ba.

Sai iyayenmu surukai. A nan mun fara da kuskure, gara in faɗa. Mun tura ƴan mata masu karatu su yi musu bayani, suka dawo a sanyaye. Wata tsohuwa ta ce da ɗaya daga cikinsu, ɗiyata, ni da na durƙusa sau tara a ɗakina, ke za ki koya mini ciki? Gaskiyarta. Muka sauya, muka tura tsarakunsu, Hajiyoyin ƙungiya da tsofaffin ungozomomi, waɗanda su ma sun haihu a ɗaki kuma sun binne ƴan'uwa saboda zubar jini. Zancen ya shiga. Game da ɓoye ƙaramin ciki don tsoron baki, ba mu yi jayayya da kowa ba. Mun ce a ɓoye wa gari, amma kada a ɓoye wa sajfam, ungozomar likita. Ƴar fari mai kunya kuma a haɗa ta da ɗaya daga cikinmu ta raka ta da sassafe, karnen awonta a cikin jakar mai rakiya.

Asusun taimako ya yi aiki, amma ya sha wuya. Awo kyauta ne, sai dai kabu-kabu ba kyauta ba ne, hoton ciki da wasu gwaje-gwajen jini ma haka, kuma akwai ranakun da magani ke yankewa a rubuto takarda a ce a saya a farmasi. A damina, lokacin da sauro ya fi yawa kuma hanyoyi suka fi lalacewa, asusun ya kusa ƙarewa, domin a daidai lokacin ne zubin wata ya ja baya. Ba na kiran suna, kowa ta san kanta.

Akwai abin da bai yiwu ba. Mun so a ƙara ranar awo a wata cibiya saboda cunkoso, mata na wuni tun hantsi har azahar, wasu su juya ba a gan su ba. Mun kai kuka sau biyu, aka ce ma'aikata ba su isa ba, kuma da idonmu mun ga haka ne. Ƙauyukan kewaye da muka yi alkawarin zuwa ma ba mu taka rabinsu ba. Waɗanda aka tura babbar cibiyar uwa da yaro ta Tawa kuwa mun raka su, mun kai musu abinci, wannan bai taɓa faɗuwa ba, godiya ga matan da suka riƙe girkin bi da bi.

A shekara mai zuwa biro yana ba da shawarar abu biyu. A fara zancen izini tun hatsi yana gona, kada mu sake makara kamar bana da wasu motocin suka riga mu tashi. A kuma ware wani kaso na zubin rani a kulle shi sai damina. Za a kaɗa ƙuri'a a kan duka biyun a babban taro, bayan la'asar, a inda muka saba. Ƴan ziyara kowa ta zo da littafinta na unguwa, masu bashin zubi kuma su zo da shi a hannu.

Magatakardar ƙungiya