A Duba Aikin Shirya Jijiya Domin Ƙarfafa Baka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a jaridarka domin in yi bayani kan wani aikin hannu da ba kasafai ake ambatonsa ba, wato shirya jijiyar dabba da ake shimfiɗawa a bayan baka na itace. A shekarar 2019 hukumar UNESCO, mai kula da ilimi da kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya harbin kibiya na gargajiyar Turkiyya cikin al'adun da ɗan Adam ya gada, kuma a ganina abin da ya fi cancantar nazari a bakan Turkawa shi ne jijiyar da ke ɓoye a ƙarƙashin fata da adonsa.

Idan maharbi ya ja tsirkiya, cikin baka yana matsewa, bayansa kuma, wato gefen da ke fuskantar abin hari, yana miƙewa, kuma ta nan ne itace yake tsagewa. Jijiya tana iya miƙewa nesa da inda itace zai kai, ta koma yadda take, shi ya sa gajeren baka yake jure ja mai tsawo. Da irin wannan baka, wanda aka haɗa da itace da ƙaho da jijiya, aka ruwaito cewa Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, Salim na Uku, ya cilla kibiya fiye da mita 880 a shekarar 1798.

Agarar shanu ko ta barewa ake nema, sai kuma doguwar jijiyar da ke bin gadon baya. Dole a kankare nama da kitse sarai, domin ko ɗan maiƙo ya rage gam ba zai kama ba. Bayan ta bushe ƙarau a inuwa, sai a ɗora ta kan dutse mai santsi a riƙa bugu da gudumar itace a hankali, har ta yi fari ta buɗe, sannan a yayyage ta da hannu, a taje, a ware zaruruwan gwargwadon tsawonsu. Mai gaggawa a nan yake ɓata aikinsa, domin bugu mai tsanani yana tsinka zaren, gutsattsarin zare kuwa ba ya riƙe baka.

Gam ɗin ma daga dabba yake fitowa: a dafa ragowar jijiya ko ƙirgi a wuta marar ƙarfi, kada a bari ya tafasa. Akan jiƙa kowane dami a ruwa, a tsoma shi cikin gam mai ɗumi, a shimfiɗa a bayan bakan da aka riga aka karce, ana sassaɓa mahaɗar kamar yadda magini yake jera bulo. Yayin da take bushewa jijiyar tana takurewa, ta lanƙwasa bakan baya, kuma wannan yakan ɗauki watanni. Danshi yana sassauta gam, saboda haka ake lulluɓe aikin da fata ko ɓawon itace.

Kayan aikin nan duka muna da su a kwata, daga agara har ƙaho da ƙirgi, kuma iskar hunturu ta dace da busar da su, ko da yake damina za ta bukaci kulawa ta musamman. Ina kira ga kwalejojin fasaha da cibiyoyin koyar da sana'o'in hannu su haɗa mahauta da dukawa da masassaƙa su gwada wannan aiki, su kuma rubuta matakansa da Hausa.

Wassalam,
Mai karatu daga Zariya