Zuwa ga mutumina, kan kyamarori masu ido biyu

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida, ya iyali, ya aiki? Da fatan kowa lafiya. Saƙonka ya iso tun satin da ya wuce, wai in faɗa maka wacce za ka saya cikin tsoffin kyamarorin nan masu ido biyu, to ka sosa min inda yake min ƙaiƙayi, sai ka yi haƙuri da surutu.

Ka dai san idon sama na leƙe ne, na ƙasa shi ke ɗaukar hoton. Kana riƙe da ita wajen cibiya kana kallon ƙasa, mutum ya matsa dama kai kuma ka ga ya yi hagu saboda madubin ciki, satin farko har jiri na dinga ji. Fim ɗinsu nau'in da ake kira 120 ne, hoto 12 kacal, kowanne santimita 6x6, shi ya sa ba a danna shi da garaje.

Rolleiflex ita ce uwa, kamfanin Franke & Heidecke na Jamus ya fito da ita a 1929. Tawa samfurin Automat ce mai ido ƙirar Tessar 75mm f/3.5, in ka juya hannunta laushi kamar me, ƙarar ɗaukarta kuwa sai ka kasa kunne. Amma ta taɓa koya min hankali, ranar farko na manta ban zura takardar fim ɗin ta ƙarƙashin ɗan rolan nan da ke gane farkon fim ba, ina ta juyawa ina jiran lamba 1 ta fito, ashe fim ɗin gaba ɗaya na naɗe shi ya wuce, ko hoto ɗaya ban ɗauka ba. Ni na jawo wa kaina, ba ruwanta.

Gaskiya wadda na fi fita da ita Yashica Mat-124G ce, 'yar Japan, an fara yinta a 1970. A f/3.5, wato idon a buɗe gaba ɗaya, gefen hoton yakan ɗan yi dishi-dishi, amma ka tsuke shi zuwa f/8 ka ajiye hotonta kusa da na Rollei, rantsuwa ba kowa zai bambance ba. Batirin mitarta ta auna haske na sinadarin makuri ne, an daina yinsa, ni da waya nake auna haske. Sai dai ka kula in ka matso kusa da mutum, abin da idon sama ya gani ba shi na ƙasa ya gani ba, haka na sare wa ƙanina rabin kai a hoto uku a jere. Rollei tana gyara wannan da kanta, Yashica babu.

Mamiya C330 kuma ana canza mata ido, tana ɗaukar abu kusa-kusa, amma nauyinta ya fi kilo ɗaya da rabi, kai da kake kukan ciwon wuya ka manta da ita kawai.

Don haka ka nemi Yashica, rarar kuɗin ka zuba a fim da wanki. Kafin ka biya ka buɗe bayanta ka haska idon ƙasa da tocila ko akwai funfuna, sannan ka sa saurin ɗaukarta a sakan 1 ka danna ka saurara, in ta tsaya tana ja to tana buƙatar mai gyara.

In ka wanke na farko ka turo min, har da waɗanda suka lalace. Ka gaishe min da madam da yara.

Naka har kullum.